Gargaɗi ga direbobin Jidda kan mai tallar “maganin inji”

Riyal 450 na ƙirga na ba shi, daga baya gyaran injin ya ci mini riyal 5,800, saboda haka masu cewa in rufa masa asiri don Bahaushe ne ɗan'uwanmu su yi haƙuri. Yana yawo a Sana'iyya, unguwar garejoji, da gwangwanaye a bayan mota, yana cewa idan an zuba a baƙin mai inji ba zai sake cinyewa ba.

Ni ba yaro ba ne a tuƙi, kuma ban saya da ka ba. A gabana ya kunna wata 'yar na'ura mai ƙarfe yana juyawa, ya ɗiga man da nake amfani da shi, ya danna hannunta har ta ƙame tana ƙara, sannan ya ɗiga nasa ta ci gaba da juyawa sumul. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Alhaji, ai gani ya kori ji.” Har yau wannan dafawar ce take dawo mini. Wa zai ga haka da idonsa bai yarda ba? Ya kuma rantse cewa kayan Jamus ne, alhali babu sunan kamfani a jikin gwangwanin.

Da injin Hiace ɗin ya fara buga ƙara a hanyar Makka, bakanike ya buɗe, ya nuna mini mitil duk sun yi ramuka. Shi ya bayyana mini cewa man kirki mai tambarin inganci na API ya riga ya zo da sinadaransa a gwargwado, har da na zinki da ke kare ƙarfe daga gogayya, kuma ƙarin da ba a san asalinsa ba yana ɓata wannan ma'auni. Irin waɗannan magunguna da yawa sinadarin kulorin ne a cikinsu, wanda yake burgewa a kan waccan na'ura, amma idan ya haɗu da zafi da danshi sai ya saki asid mai cin ƙarfe. Wato riyal 450 na biya aka cinye mini inji.

Lambarsa yanzu a kashe take. Hotunan gwangwanin, da na mitil, da saƙonninmu na WhatsApp duk suna hannuna, zan sa su nan da an jima. Kada ku saya, kuma wanda ya gan shi ya kira Ma'aikatar Kasuwanci a lambar waya 1900.