Gargaɗi ga masu sauke fim da manhaja ta torent, musamman 'yan Bauchi

Salam jama'a. Dan Allah duk mai amfani da uTorrent ko BitTorrent ko wani abu mai kama da su ya tsaya ya karanta wannan, musamman ku masu shagon tura finafinai a Wunti da Muda Lawal da ɗaliban da ke zaune Yelwa da Gwallameji masu neman AutoCAD da SPSS na kyauta. Ba duk abin da ya fito maka idan kayi bincike bane fim ko manhaja, da yawa tarko ne, kuma wanda yafi kama da abinda kake nema sak shi yafi haɗari.

Yadda abin yake shine, a torent babu wani kamfani ɗaya da ya ajiye fayil ɗin yake tantance shi, daga kwamfutocin mutane kake jawowa gutsure gutsure, kowa zai iya saka abinda yaga dama ya laƙaba masa sunan da yaga dama. Wannan damfarar ma ba sabuwa bace. Tun zamanin LimeWire, wata tsohuwar manhajar raba fayiloli da kotu a Amurka ta rufe a 2010, haka ake yi, tambayarka tana yawo kwamfuta zuwa kwamfuta, sai ta ɗan damfara ta ɗauki kalmomin da ka rubuta ta manna su a kan fayil ɗinta ta dawo maka da shi kamar dama can tana da shi. Yanzu shafuka ne suke wannan aikin. Cikin manyan shafukan torent, KickassTorrents an rufe shi 2016, RARBG ya rufe kansa 2023, amma je ka duba kaga shafuka nawa ne ke amsa waɗannan sunayen har yau.

Ga gwaji mai sauƙi da baya cin ko sisi. Kafin ka yarda da shafi, rubuta masa shirme, misali "kunun gyada a Zungur kashi na 9". Idan ya kawo maka sakamako da wannan sunan daidai, har da HD, har da dubban mutane wai suna rabawa, har da tauraro biyar, toh rufe shi kawai. Duk abinda ka rubuta haka zai ce yana da shi, kamar dillalin da ko jirgin sama ka tambaya zai ce yana gida bari ya ɗauko.

Sai girman fayil. Fim na awa biyu mai kyan gani yana kaiwa 700MB zuwa sama da 1GB, kai kuma an baka 3MB ance sabon fim ɗin Indiya ne da ko sinima bai gama fita ba, haba malam. Amma kar ka dogara da girma kaɗai don wasu suna cusa shara a ciki ya kumbura. Wutsiyar sunan ita ce magana. Fim yana ƙarewa da mp4 ko mkv ko avi. Idan kaga exe, scr, lnk, ko apk a waya, wannan ba kallo ake yi ba, manhaja ce zata shiga ta zauna. Kuma Windows da kanta tana ɓoye wutsiyar nan in ba kai ka kunna ba, shi yasa fayil mai suna fim.mp4.exe zaka ganshi fim.mp4 kawai, har da hoton VLC, manhajar kallon bidiyo, sun saka masa. Shiga File Explorer wajen View ka kunna nuna wutsiyar sunaye yau ɗin nan.

Wanda yafi bani haushi shine na zip mai lambar sirri. Ka ƙona data giga guda, ka buɗe, ace sai kaje wani shafi ka saka lambar wayarka kafin a baka fasawad. Ka saka, katinka ya fara zirarewa kullum, fasawad ɗin kuma babu. In ma sun bayar, dalilin kulle shi tun farko don kada antibairos ya leƙa ciki ne. Haka wanda zai ce fim ɗin bazai buɗe ba sai ka saka wata manhajar kallo tasu ta musamman, ƙarya ne, abinda VLC ya kasa buɗewa ka goge shi.

Ɗalibai ku kuma naku yafi muni, domin kirak, wato abinda ke buɗe manhajar kuɗi ta yi aiki kyauta, dama exe ne, kuma takardar da ke ciki zata ce ka kashe Windows Defender, antibairos ɗin Windows, tukunna, kai da hannunka. Akwai bairos mai suna STOP ko Djvu da yake bin irin waɗannan manhajojin sata, yana kulle duk fayilolinka, furojet ɗinka da hotunan biki da komai, ya bar maka takarda mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa, a baya dala 980 yakan nema, ko 490 idan ka biya cikin awa 72. Lissafa wannan da naira ka gani. Wasu kuma basa nuna kansu sam, suna kwashe fasawad da ka ajiye a Chrome ne, Facebook da imel, ko su canja adireshin walat idan ka kwafa zaka tura kiripto, kuɗin ya tafi wani wuri. Wani kuma laftof ɗinka zai mayar injin haƙar kiripto, kaji fanka tana ihu batir na ƙarewa kana zagin masu wuta.

Masu tura finafinai, ku kwamfutarku ba taku bace ku kaɗai, memori da filash na rabin unguwa ke shiga cikinta kullum, daga nan kuma Xender ya ƙarasa rabawa. Ku ware kwamfutar sauke kaya daban da wadda kuke harkar kuɗi ko POS a kai in da hali. Finafinan Hausa kuwa da yawansu masu su sun saka a YouTube da kansu, ban ga dalilin zuwa jeji neman su ba, su ma suna da iyali.

A waya idan abinda ka sauke ya nemi izinin karanta saƙonninka, lambar da banki ke turo maka yake so, kar ka bashi.

Wanda ya riga ya danna, cire intanet nan take, kar ka sake jona filash ɗin kowa, ka canja fasawad ɗinka daga wata wayar daban ba daga wadda ta kamu ba, ka fara da imel sannan banki. Idan kaga kuɗi ya motsa kira bankinka su rufe asusun kafin ka tafi wajen mai gyara. Kuma ka gaya wa mai gyaran ainihin abinda ka sauke, don wasunsu fomatin kawai suke yi su mayar maka da Windows ɗin da suma a torent suka samo.