Situdiyo ko tsohon gini: ina ya fi dacewa da hoton shigar gotik?

'Yar'uwa, kin ce kin gama ɗinkin shigar wata gimbiyar labarin ban tsoro a salon gotik, wato salon baƙaƙen kaya mai yanayin duhu, doguwar riga ta baƙin karammiski mai leshi a wuya da hannu, kuma kina tambaya ko a situdiyo za ki ɗauki hotunan ko a waje gaban tsohon gini.

Duk inda kika zaɓa, matsalar ɗaya ce: baƙin kaya a cikin duhu. Karammiski yana shanye haske, shi ya sa ɗinkin da kika sha wahala a kansa yake iya fitowa baƙin dunƙule, ba a ganin leshi balle ninki. In kuma aka bar kyamara ta auna haske da kanta, sai ta ɗauka wurin ya yi duhu da yawa ta ƙara haske, rigar ta koma toka-toka kamar ta koɗe, fuska ta yi fayau. Don haka mai hoto ya saita da hannunsa, ya auna hasken a kan fuska. Abin da zai raba rigar da bango shi ne fitilar da ke haska ki ta baya, kuma a nan ne wuraren biyu suka bambanta.

A situdiyo fitila biyu sun isa. Ta farko mai akwatin tausasa haske, faɗinsa kamar santimita 90, a sa ta gefe guda ta gabanki, ta ɗan ɗara idonki tsawo, ta yadda rabin fuska zai samu haske rabi ya shiga inuwa. Ta biyu tana bayanki ta ɗaya gefen, a saita ta kan kafaɗa da gefen kai, ita ce za ta zana siririn layin haske a gefen rigar. Kada a rataya baƙin yadi a bango. Mai ruwan toka mai duhu ya fi, ki tsaya kamar mita 2 daga gare shi don kada inuwarki ta faɗa kansa. Da filasha, mai hoto ya fara da ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 100, buɗewar idon kyamara f/5.6 zuwa f/8, gudun shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara) 1/160 na daƙiƙa. Yawancin kyamarori in aka wuce 1/200 ko 1/250 da filasha, baƙin layi yana tsinke hoton. In fitilun LED ne masu arha, a tsaya kan 1/50 ko 1/100, domin wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, sauran saitin yana iya kawo ratsi-ratsi, musamman a kan janareta.

Hayaƙi ma a ɗaki ya fi biyayya, tunda babu iskar da za ta kwashe shi. Ba ya fitowa a hoto sai haske ya ratsa shi ta baya ko ta gefe. In babu injin hayaƙi, turaren wuta a kasko yana ba da siririn hayaƙi mai kyau, amma a ajiye shi nesa da bakin riga. Leshin roba da gashin kanti suna kama wuta nan take, don haka kyandir ma a nemi na batir.

Abin da situdiyo ba zai ba ki ba shi ne gini. Salon gotik yana da alaƙa da gine-ginen da suka fara a Faransa a ƙarni na 12, masu dogayen ƙofofi masu tsini, irin cocin Notre-Dame ta birnin Faris, kuma masu wannan shiga a Turai suna da irinsu kusa da su. A nan sai a nemi abin da ke ba da wannan yanayi: tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ginin zamanin Turawa mai baranda, ƙofar ƙarfe mai tsatsa, ko zaure mai rufin bakan gizo, wanda a gaskiya yana karɓar baƙar riga sosai in haske ya shigo ta ƙofa ɗaya. A nemi izinin mai wuri tun kafin ranar. Za ki ga hotunan 'yan waje a maƙabarta, wannan kam kada ki kwaikwaya, haka ma wurin ibada.

Lokaci shi ne wahalar waje. Tsakar rana tana zuba inuwa a ramin ido, ga gumi a cikin karammiski. Hasken da ake so shi ne shuɗin nan na bayan faɗuwar rana, wanda a yankinmu ba ya wuce minti 20 zuwa 25, ga shi ya haɗu da Magariba. Bayan sallar Asuba kafin rana ta fito ana samun irinsa, da sanyi, ba taron 'yan kallo. A nan sai ISO 800 zuwa 1600, f/1.8 ko f/2.8, shata 1/125, da mutum guda riƙe da filashar batir a bayanki. In babu wannan mutumin, rigar za ta narke cikin bango. Hazon hunturu yana ba da hayaƙi kyauta, sai dai ƙura tana manne wa karammiski, kuma filasha tana tona kowace ƙwaya. A riƙe burushi mai laushi da salatif.

Kwalliya kuwa, kada ki shafa farar hoda don neman farin fuskar da kike gani a hotunan waje, a fatarmu toka take komawa a ƙarƙashin filasha. Hoda daidai launinki marar ƙyalli, kwalli mai kauri, jambaki ja mai duhu ko shunayya. In rigar tana da ɗamarar matse ciki, a sassauta ta a kai a kai, musamman a waje.

Ga shawararmu: tunda rigarki karammiski ce kuma wannan ne karon farko, ki fara da situdiyo na awa 2, ki rubuta tsayuwa shida ko bakwai a takarda kafin ki je, a fara da hotunan tsaye gaba ɗaya tun rigar ba ta yamutse ba. In kin samu wuri mai izini da mai riƙe fitila, sai ki ware wata safiya daban don waje, ki je da zane ki lulluɓe rigar har sai an gama saita fitila.