Rode NT1-A ya fito da muryar Goggo tas, mai shago kuma ya ci min wayar makirufon

Duk mai ɗaukar murya a ɗaki ya san wannan "shiii" ɗin da ke bin bayan magana da zarar ka murɗa ƙarfin sauti sama. Shi ya raba ni da ƙaramin makirufon nan mai arha da ake sayarwa haɗe da hannun ƙarfe, na tara kuɗi na sayi Rode NT1-A. Wallahi ban zaci bambancin ya kai haka ba.

Tatsuniyoyi nake tarawa daga bakin tsofaffinmu, kuma Goggona ce babbar taskata. Muryarta can ƙasa take, ko za ka kwana kana roƙo ba za ta ɗaga ba. Da tsohon makirufo, in na ƙara ƙarfi don a ji ta, sai hayaniya ta taso ta lulluɓe rabin maganar. Ranar da na zaunar da ita gaban wannan, bayan isha'i ne, an kawo wuta, janaretocin layinmu duk sun yi tsit. Na kunna masa wutarsa ta bolt 48, na juya ɗigon zinariyar da ke nuna gaban makirufon ya fuskance ta, na sa hedifon. Tana cewa "Ga ta nan, ga ta nanku", tsigar jikina ta tashi. Ina jin numfashin da take ja kafin ta shiga muryar Gizo da tsamin bakinsa, ina jin 'ya'yan carbinta suna taɓa juna a cinyarta, tsakanin magana da magana kuwa shiru ne na gaske. Da na kunna mata, ta riƙe haɓa ta ce, "Kai ɗan nan, ashe haka nake magana?" Ta sa na maimaita mata wajen Ƙoƙi, tana dariya har da hawaye. Wannan daren kaɗai ya biya ni kuɗina.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hayaniyar da makirufon ke yi shi kansa desibel 5 ce kacal a ma'aunin ƙarfin sauti. Audio-Technica AT2020, wanda na taɓa ara wajen wani abokina mai situdiyo, tasa 20 ce, AT2035 kuma 12. Ga mawaƙin da ke buɗe maƙogwaro a kan kiɗa, AT2020 ya wadatar, ba zai ma lura ba. Murya irin ta Goggo ce ke tona wannan tazarar.

Sai dai fa kunnen nan ba ya zaɓe. Da rana adaidaita sahu, injin markaɗen maƙwabta, fankar sama, duk ciki suke faɗawa. A nan na soma tunanin AT2035, don shi yana da maɓalli a jikinsa da ke yanke gurnanin da ke ƙasa da 80 Hz, da wani mai rage ƙarfin sauti da desibel 10, nawa kuwa jikinsa sumul. NT1-A ɗin yana kuma da kaifi a sama, "s" da "ts" ɗinmu kan fito da ƙarfi, sai ka ɗan karkatar da shi daga saitin baki. Wanda ɗakinsa ke bakin titi, gaskiya Shure SM58 zai fi ba shi kwanciyar hankali.

Abin da har yanzu yake ci min rai shi ne mai shagon. Kwalin yana zuwa da kwandon hana girgiza, da rariyar tare iskar baki, da wayar XLR da ake jona shi da ita. Nawa ba waya a ciki. Ya sayar min da wata daban, wadda ko ƙafa ta taɓa ta sai ta yi ƙaras-ƙaras, ta lalata min labarin wani dattijo da ya taso musamman daga ƙauye. Ya kuma rantse min cewa kai tsaye ake jona shi da kwamfuta, alhali ba ya motsi sai da na'ura mai ba shi wuta. Ni ina da irin wannan na'urar, Focusrite Scarlett, tun da can, to yaron da ya tara kuɗinsa bai sani ba fa? Na koma na nuna masa jerin kayan a shafin kamfanin, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Alhaji, haka ya zo mana." Ku buɗe kwali a gabansa, ku ƙirga kayanku kafin ku miƙa kuɗi.