Yawon Zanzibar: ina za ka sauka, kuma wa zai zaga da kai?

Kafin ka biya kuɗin otal a Zanzibar, fara tantance abin da ya kai ka: ruwa ko gari. Nungwi da Kendwa, a arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, su ne wuraren da ake iyo kusan kowane lokaci, sai dai daga can zuwa Stone Town, tsohon ɓangaren birnin Zanzibar, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota. A gabas kuwa, wato Paje da Jambiani, teku kan janye nesa sau biyu a yini. Lokacin ne mata ke shiga aikin gonakin ciyawar teku, abin kallo ƙwarai, amma mai son wanka dole ya jira ruwa ya dawo.

Mai son al'ada ya ware wa Stone Town kwana biyu. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, don haka ka tambayi masauki ko akwai mai ɗaukar kaya. Akwai ƙofofin katako masu sassaƙa, da cocin Angilikan da aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873, da kasuwar abincin dare ta Forodhani. Wani ɓangaren Beit al-Ajaib, tsohuwar fadar sarki, ya rufta a Disamban 2020, saboda haka idan ka gan shi cikin jerin wuraren da za a kai ka, tabbatar ko ciki za a shiga ko daga waje za a tsaya.

Yawon da otal ke shiryawa ya fi sauƙi, ya kuma fi tsada, kuma sau da yawa ana cusa gonar kanumfari, da Stone Town, da tsibirin Changuu mai manyan kunkuru duk a yini ɗaya. Ƙarshenta kowanne a gurguje ake ganinsa. Mun fi ba da shawarar ɗan rakiya mai lasisi: ka ga katinsa, ku yi ciniki tun farko, ka ji ko kuɗin shiga da na kwalekwale da rigar ceto suna ciki. Nan ne rigima ta fi tasowa. Dala-dala, wato motar haya ta jama'a, ita ce mafi araha, amma ba ta tashi sai ta cika. Hayar mota na buƙatar takardar izinin tuƙi ta Zanzibar, kuma ta hagu ake tuƙi.

Dajin Jozani, gidan jajayen biran kolobus, da safe ya fi daɗi. A Kizimkazi, kauce wa masu kwalekwalen da ke bin dabbar dolfin a guje. Ka nemi ganin tsohon masallacin garin mai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, na shekarar 1107 Miladiyya.

Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama mai ƙarfi ne, otal kan yi sauƙi amma ana yawan soke fita teku. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne: a rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum, a watan azumi kuma a guji ci a bainar jama'a da rana. Tun Oktoban 2024 ana buƙatar baƙi su sayi inshorar tafiya ta Zanzibar, dala 44 ga babba, don haka ka sa ta cikin lissafi.