Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci masu ofin-ruf

Salam jama'a. Dan Allah duk mai tsohuwar mota mai gilashin saman nan da ake buɗewa da lantarki, ofin-ruf, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, saboda akwai wani mutum da yake yawo a cikin Kano da sunan ƙwararren mai gyaran ofin-ruf yana cutar bayin Allah. Ni ya cuce ni, kuma wallahi saura kaɗan ya jawo min gobara a mota da yarana a ciki.

Motata Honda Accord ce ƙirar 2001, ta daɗe a hannuna bata taɓa ba ni matsala ta wannan ɓangaren ba. Cikin watan Agusta, damina tsaba, ƙanina ya danna makunni gilashin ya zuge baya ya buɗe gaba ɗaya, aka zo rufewa gilashin yace shi bai san zancen ba. In ka danna buɗewa kana jin moton da yake jan gilashin yana so ya motsa, in ka danna rufewa tsit. Ga hadari ya haɗo ta gabas, ni kuma ba rumfar ajiye mota gare ni ba, leda na samo na shimfiɗa a kai na danne da duwatsu. A cikin wannan ruɗun ne wani ya turo min lambar mutumin daga wani guruf na WhatsApp na masu saye da sayar da motoci, wai shi aikinsa kenan kuma har gida yake zuwa.

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga shi a babur da jakar baya, fes-fes da shi, baki kamar zuma, Alhaji kaza Alhaji kaza. Ya ciro wata 'yar na'ura ya jona a ƙasan sitiyari ya ɗan daddanna ya girgiza kai, yace Alhaji moton ya ƙone kuma ya taɓa ƙwaƙwalwar rufin. Sai yace na samo masa ruwan sha, ina dawowa na tarar gilashin a rufe, yace wata dabara ce tasu ta masu sana'a, na wucin gadi ne kawai. Wannan rufewar ita ta sa na sakankance da shi, don a lokacin ba abin da ya dame ni irin ruwa ya shiga motar. Yace naira dubu 48 kuɗin moto ɗan Beljiyam da aiki, na tura masa dubu 35 nan take, ya sassauto silin ɗin motar ya kwance moton ya jefa a jaka wai zai je da shi a matsayin samfur. Wajen cirewa ma ya karya ɗan maƙalin soket ɗin a gabana, ku riƙe wannan don zan dawo kansa.

Bayan kwana uku ya dawo da moto baƙi wuluk yana sheƙi, da rubutun maka ruwan ɗorawa a jiki irin wanda ake gani a kayan Beljiyam. Ya ɗaura, amma sai yace makunnin asali bai dace da wannan moton ba, ya maƙala wani ɗan maɓalli a ƙasan sitiyari. Rufi ya buɗe ya rufe, na cika masa kuɗinsa ya tafi. Abin da na lura da shi tun a ranar, ko babu mukulli a jikin mota rufin yana aiki, na kira shi yace ai wannan ƙari ne ya min.

Kwana biyar tsakani ina ɗauko yara daga islamiyya sai warin ƙonewar roba ya cika motar, hayaƙi siriri yana fitowa ta wajen ƙafata. Allah Ya taimake ni na gangara gefe na fitar da su na cire kan batir. Har yanzu in na tuna ranar jikina sanyi yake.

Washegari aka haɗa ni da wani dattijo mai wayarin, shekara da shekaru yana wannan aikin, shagonsa ko allon suna babu. Baba bai jona wata na'ura ba, tambaya ɗaya ya min, yace ɗana ranar da abin ya lalace, buɗewa yana yi? Nace eh Baba, rufewa ce kawai ya ƙi. Yace to moton da yake buɗewa bai ƙone ba. Ya min bayani dalla-dalla, moto ɗaya ne yake yin gaba da baya, wutar ce kawai ake juya masa, in ya tafi ɓangare ɗaya ya ƙi ɗaya to ka nemi matsalar a makunni ko a rile, wato ɗan abin da yake sakar wa moton wuta in an danna makunni, don irin wannan Hondar rile biyu gare ta, na buɗewa daban na rufewa daban, kuma babu wata ƙwaƙwalwar rufi da za ta ƙone. Ya bi layi da 'yar fitilar gwajinsa, minti goma bai cika ba ya zaro rilen rufewa, ƙafafunsa duk sun yi kore da tsatsa. Abin da ya lalace kenan tun farko, ɗan abin da bai kai akwatin ashana ba.

Sai ya nuna min aika-aikar da wancan ya yi. Waya ya jawo kai tsaye daga kan batir ya cusa ta ta wani rami a jikin ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ba fiyus ba robar kariya, tana ta gugar ƙarfe har rigarta ta yanke ta fara narkewa. Baba yace fiyus ai ba ado bane, shi ake so ya mutu a madadin motar, shi yasa kowanne da lambarsa da kalarsa, ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30, kuma duk wanda ka ga ya tsallake shi ko ya naɗa masa zaren waya to wuta yake haɗa maka. Da aka sauko da moton kuwa, maƙalin soket ɗin nan a karye, daidai inda ya karya a gabana. Motona ne. Wanke shi kawai ya je ya yi ya fesa masa baƙin fenti ya yi rubutu da maka ya dawo ya sayar min da kayana.

Dabarar masu sana'ar da ya rufe gilashin da ita ma ba komai bace. A tsakiyar silin ɗin wannan motar akwai wani ɗan murfi zagayayye, in ka ɓalle shi da kwandala ko sukudireba akwai rami a ciki, kamfanin Honda da kansa ya saka ɗan ƙarfen da ake zurawa a murɗa a cikin kayan aikin but, gilashin ya rufe da hannu. Motoci da yawa suna da irin wannan, wasu da alan-ki ake yi. Shi yasa ya aike ni ɗebo ruwa, kar na gani. Da na san wannan tun farko da na rufe abina a natse na nemi mai gyara ba cikin gaggawa ba, kuma gaggawar nan ita yake farauta, shi yasa da damina yake baza tallansa.

Da na ba da labari a guruf ɗin sai ga wani bawan Allah mai Camry yace shi ma haka aka masa. Shi batir kawai ya canza rufin ya daina aiki daidai, wanda a Toyota da yawa danne maɓallin ɗagawa ake yi a riƙe har rufin ya gama zagayensa ya dawo hayyacinsa, ko sisi ba a kashewa, amma mutumin ya karɓi kuɗin ƙwaƙwalwa a hannunsa. Wani kuma nasa moton tafiya aka yi da shi ba a dawo ba har yau.

Don haka dan girman Allah, in rufinka ya tsaya fara duba fiyus da kanka, zanen yana jikin murfin akwatin, ka saurara ko moton yana ƙara, in yana gurnani gilashin baya tafiya sau da yawa ƙurar hunturu ce ta cakuɗe da tsohon giris a kan layin da yake bi. In mai gyara yace moto ya mutu kace ya ba shi wutar batir kai tsaye a gabanka ka gani, abin minti biyu ne. Kar ka bari a fita da wani abu daga jikin motarka sai ka ɗauki hotonsa ka yi masa alama da ƙusa, in siyan kaya ne ku tafi Ƙofar Ruwa tare a gwada a gabanka. Kuma duk wanda ba shi da wajen zama da za ka koma ka same shi gobe, kar ka tura masa kuɗi kafin aiki.

Lambarsa a kashe take tun ranar da na masa maganar fentin, an ce ya canza layi ya canza suna yana ci gaba da talla a wasu guruf-guruf ɗin da bidiyon rufin mota yana buɗewa yana rufewa. Na kai ƙorafi wajen hukuma da shaidar turin kuɗin, mu uku ne yanzu. Duk wanda ya san an masa irin wannan ya min magana ta inbos da rasit ɗinsa mu haɗa, kuma in akwai wanda mutumin ya saka wa ɗan maɓallin nan a ƙasan sitiyari, ya cire kan batir yau ɗin nan ya kai a duba masa wayar kafin ya sake ɗaukar iyali a ciki.