Manhajar Merriam-Webster da neman sunan "dogon Turanci" a Turance

Sana'ata fassara ce tsakanin Hausa da Turanci, kuma kwanakin baya jimla guda ta tsayar da ni a rahoton wani zaman sulhu, inda magatakarda ya rubuta cewa wakilin ɓangare ɗaya "ya yi ta kwana-kwana, ya cika mu da dogon Turanci". Abin dariya, Bahaushe ya ari sunan Turanci ya laƙaba wa zancen da ya ƙi ƙarewa, amma da na zo mayar da maganar cikin Turancin kansa, sai kalmomi kusan goma suka jeru a gabana, na rasa wadda zan ɗauka. Wannan ne ya sa na zauna da manhajar ƙamusun Merriam-Webster a wayata, na gwada ta a kan wannan rukunin kalmomi kaɗai.

Kamfanin tsoho ne, mazauninsa garin Springfield a jihar Massachusetts ta Amurka, kuma ya shiga harkar ne lokacin da 'yan'uwa biyu, George da Charles Merriam, suka sayi haƙƙin ƙamusun Noah Webster bayan rasuwarsa a 1843. Manhajar kyauta ce, da tallace-tallace a cikinta, kuma ana iya karanta ma'anoni ko babu intanet, sai dai sauraron furuci yana buƙatar data.

Inda ta fi burge ni shi ne ɗan bayanin da take kawowa a ƙarƙashin wasu kalmomi domin rarrabe masu kama da juna. A ƙarƙashin wordy, alal misali, ta haɗa ta da verbose da prolix da diffuse, ta nuna cewa dukkansu suna nufin amfani da kalmomin da suka wuce buƙata, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wordy ta mai yawan surutu ce. Verbose ta wanda yawan maganarsa ta dusashe ma'ana har ta gundure mai sauraro. Prolix ta wanda ya liƙe wa ƙananan bayanai ya ƙi sakinsu, irin mai ba da labarin tafiya da sai ya faɗi kuɗin mota da launin rigar direba. Diffuse kuwa ta zancen da ya watse, aka rasa inda ya dosa. Duk wanda ya taɓa zama wurin taro yana jiran mai jawabi ya sauka ya san cewa waɗannan cututtuka huɗu ne daban-daban, kuma samun su a rarrabe cikin 'yan layuka ya fi mini jerin kalmomi hamsin amfani.

Sashen asalin kalma ma yana taimakawa wajen riƙe su a ka. Circumlocution ta fito ne daga kalmomin Latin biyu masu nufin kewaye da magana, wato daidai da kewaye-kewayenmu, meander kuma sunan wani kogi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Tun da na karanta haka ban sake manta su ba.

Sai dai mai karatu a Najeriya ya tuna cewa ƙamusun Turancin Amurka ne, alhali makarantunmu da ofisoshinmu sun fi bin na Ingila. Rubutun kalmomi da furucinsu duka na Amurkawa ne, kuma har a karin magana akwai bambanci, domin idan ana nufin kewaye-kewayen magana Amurkawa na cewa beat around the bush, Turawan Ingila kuwa sukan ce beat about the bush. Haka nan shafin kalmomi masu ma'ana ɗaya, idan aka buɗe shi shi kaɗai ba tare da komawa ga ma'anar kowace ba, yana iya ruɗar ɗalibi ya ɗauki tortuous ya ajiye inda roundabout mai sauƙi ta isa.

Akwai kuma abin da ba zan ɗora wa manhajar laifinsa ba, tunda ba don mu aka yi ta ba. Kewayen Bahaushe ba kullum aibi ba ne. Hannunka-mai-sanda ladabi ne, gugar zana kuwa makami ne, kuma oblique, wadda ta fi kusa da su, ba ta ɗauke da kunyar da ke sa suruki ya kasa faɗa wa surukinsa magana kai tsaye.

Da na koma kan jimlar tawa, bayanin circuitous ya nuna mini cewa ita hanya mai kewaye take nufi, ko maganar da ba ta fito kai tsaye ba, alhali kwana-kwanar wakilin nan gudun amsa ce da gangan. Saboda haka na rubuta evasive, dogon Turancin kuma na ba shi long-winded, na miƙa aikin kafin la'asar.