Ragunan garke ɗaya ko tsintar kasuwa ɗai-ɗai?

Wa alaikumussalam Malam. Ka tambaye ni ko ragunan da zaka ƙaro ka ɗauko su a garke ɗaya ko ka tsinto su ɗai-ɗai a kasuwa. Sauran ukun nan da kake son ƙarowa, ka ɗauke su a garke ɗaya hannun mutum ɗaya kawai, kada ma ka tsaya doguwar shawara. Shi kuma baƙon ragon da kace tun da ka sa shi cikin naka yake dalala yana cizon haƙora ya ƙi taɓa dusa, zan zo kansa.

Bara waccan na je rugar wani Bafulatani can bayan garinmu ta wajen Ringim na ɗauko 'Yankasa biyar, tare aka haife su tare suka taso. Wallahi ranar da aka sauke su daga a-kori-kura ko ɗaure su ban yi ba, sun ɗan shinshina turaka da jikin danga, sai babban cikinsu mai baƙin zobe a ido ya sa kai a kwanon dusa, sauran suka tsaya sai da ya ɗaga kai sannan suka matso, kafin a kira magariba duk sun kwanta jiki da jiki suna tuƙa. In kaga rago ya kwanta yana tuƙa ranar da ya sauka to hankalinsa ya kwanta, kuma tun daga ranar abincinka ya fara zama nama. Dalili kuwa sun riga sun san waye babba waye ƙarami tun a ruga, babu sauran abin yin faɗa a kai. Tumaki fa suna gane juna, an yi bincike a Ingila a 2001 aka ga tunkiya tana riƙe fuskokin tumaki 50 har wajen shekara 2. Wata uku na yi ina basu harawa da kowa da dusa, duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya kallonsu.

Kasuwa kam akwai zaɓi, in Balami ko Uda kake so ka je Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a zaka gansu reras, iya alherinta ke nan a wurina. Bara da na tsinto huɗu daga kasuwanni uku sati guda suka yi suna karo, ɗaya ƙahonsa ya ɓalle, ƙaramin ko kwano ba sa bari ya kusanta.

Toh baƙon naka. Rago in ya shiga cikin waɗanda bai sani ba zai yi huci, ya buga ƙafa, ya raɓe gefe, ya rage ci na kwana biyu ko uku, wannan duk baƙunta ce. Amma dalala ban yarda baƙunta ce kaɗai ba. Alade ne aka sani da haka, namiji in ya ga baƙon namiji sai ya dinga taune-taune har kumfa ta cika masa baki, don a yawunsa warin mazantakarsa yake. Rago ba haka yake ba, in yawu na zuba to buɗe bakin ka duba. Ka ga ko akwai gyambo a dasashi ko a harshe, ko ƙaya ta maƙale. In da majina da kwantsa da zawo kuma jiki ya yi zafi ya haura 40 a ma'auni (lafiyayye wajen 39 yake), ka ji tsoron ciwon nan da likitocin dabbobi ke kira PPR, yana ɗaukar kwana 4 zuwa 6 kafin ya bayyana, shi yasa zaka sayo shi garau ya zo gida ya kwanta. In kuma yana ɗingishi ka duba tsakanin kofato. Cizon haƙora ma sau da yawa ciwon ciki ne, dabbar da ta saba da ciyawa ka cika mata dusa rana ɗaya sai cikin ya ɓaci.

Kuma don Allah ka kula da wasu dillalan, ba duka ba amma akwai marasa tsoron Allah. Zasu ɗura wa rago kanwa da ruwa ciki ya yi tim, a wanke shi fes, a goge masa hanci da baki da tsumma daidai lokacin da ka nufo. Kada ka kalli ciki, ka dafa gadon baya ka ji nama, ka ɗaga wutsiya ka duba alamar zawo, kuma ka tsaya kansa ɗan lokaci, in goge wa aka yi yawun zai dawo.

Yau ɗin nan ka ware shi nesa da sauran, kwanonsa daban ruwansa daban, harawa zalla tukuna, ka kira malamin dabbobi ya gan shi, ya yi wa lafiyayyun allurar rigakafin PPR ɗin nan da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi. Ko 'yan garke ɗayan in sun zo sai sun yi sati 2 zuwa 3 a ware. Ranar haɗawa ka sa su a matsattsen wuri da yamma, kasan ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, to in babu filin ja da bayan sai dai su yi ta ture-ture har su gaji. Kwanon dusa kuma ka yi uku ka raba su nesa da juna.